Dodon da Ba a Rufe da Ƙurunƙus: Halin Masu Saurin Firgita a Zamanin Finafinan Ban Tsoro

Ƙarshen damina ne. Masara ta bushe a gona tana jiran karya, dawa kuwa ta yi tsayin da za ta shanye babban mutum har da hannunsa a ɗage. Ina ɗan shekara goma sha biyu sa'ad da yayana ya kama hannuna bayan sallar isha'i ya kai ni gidan kallo karo na farko. Gidan kallon garinmu Gozaki, a ƙaramar hukumar Kafur, rumfa ce a wancan lokaci da aka kewaye da zana, aka jera bencina, aka ɗora talabijin bisa tebur, janareta na ruri a bayan danga. Rannan wani fim ɗin Amurka aka sa mai suna Evil Dead, wanda ya fito a 1981. Labarin wasu samari da 'yan mata ne da suka je kwana a wani gidan katako cikin dokar daji, suka tsinci wani littafi da na'urar ɗaukar magana, suka kunna, daga nan iskokai suka riƙa shiga jikinsu ɗaya bayan ɗaya.

Ban ji Turancin ba, kuma ko ban ji ba ido ya gaya mini. Da idanun yarinyar farko suka juye suka yi fari fat, muryarta ta koma ta wani abu dabam, sai na ji hantar cikina ta kaɗa. Rumfa ta ɗauki ihu da shewa, waɗanda suka taɓa gani suna ta faɗa wa na kusa da su abin da ke tafe, wasu har da tafi. Ni kuwa na cusa kaina tsakanin gwiwoyina. Ido ya tsira, kunne bai tsira ba.

Da aka tashi, hanyar gidanmu ta ratsa tsakanin gonaki biyu ne. Iska na kaɗa ganyen dawa, kowane motsi sai in ji kamar takun wani a bayana. Na ce, "Yaya, don Allah mu zaga ta cikin gari." Ya yi dariya ya ce, "Kai dai raggo ne. Fim ne fa, duk ƙarya ce." Na san ƙarya ce. Jikina ne ya ƙi yarda. Can tsakar dare na lallaɓa ɗakin kakarmu ina rawar ɗari. Ta ɗaga fitila ta dube ni, ta ce, "Zo nan, maigidana." Ta tofa mini Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, ta shafe ni. Da na gaya mata abin da muka gano, ba ta yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ta yi: "To, wa ya rufe muku labarin?"

Yau fiye da shekara ashirin da biyar ke nan, ban sake zama na kalli irin wannan fim har ƙarshe ba, ban kuma karanta littafin ban tsoro ya wuce shafi kaɗan ba. Na daɗe ina ɓoyewa. Da girma ya zo na gane muna da yawa, maza da mata, kuma tambayar tsohuwar nan ta ƙunshi kusan duk abin da ake buƙatar sani game da halinmu.

TSORO A GINDIN KAKA

Bahaushe bai jira Bature ya koya masa wasa da tsoro ba. Tun kafin a san fitilar ƙwai akwai Dodo a tatsuniya, mai tsaron rafi, mai haɗiye yaran da suka ƙi jin magana. Akwai labaran fatalwa, da na mayu masu kama kurwa, da na Doguwa mai zama a tsamiya ko kuka. Frank Edgar ya tattara irin waɗannan labarai ya buga su a juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, daga baya Ibrahim Yaro Yahaya ya shigar da tatsuniyoyi cikin littattafan makarantun firamare.

Sai dai tatsuniya na da shinge ta kowace kusurwa. Ba a yin ta da rana. Ba a yi wa yaro shi kaɗai, sai an taru, kafaɗa na gogar kafaɗa. Mai bayarwa kuwa kaka ce ko gwaggo ko yaya, wadda ta san kowane yaro da abin da zai iya ɗauka. Tana magana tana kallon fuskoki. In ta ga ɗan autan gida ya fara maƙalewa a jikin uwarsa, sai ta sassauta muryar Dodo, ta jefo Gizo da tsamin bakinsa a yi dariya. Shi kansa Dodon tatsuniya wawa ne, ƙarfi ba dabara, kullum ƙaramin yaro ko Gizo ke kai shi ƙasa. Sannan akwai ƙofar shiga da ta fita. Da an ce ga ta nan ga ta nanku, kowa ya san an shiga duniyar ƙarya. Da an ce ƙurunƙus, an ja ƙyaure an datse, Dodo ya zauna can, yara su tafi su kwanta.

Rubutattun labaranmu na farko ma haka suka bi. Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja yana malami a Midil ta Katsina, domin gasar da aka shirya a Zariya a 1933, kuma a gasar ne yayansa Bello Kagara ya fito da Ganɗoki. Duk littattafan biyu sun kai mai karatu ƙasar aljanu, amma al'ajabi da raha sun rinjayi tsoro a cikinsu. Sai da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga shekarun 1980 zuwa 1990 aka sami marubutan da suka riƙe ban tsoro da gaske. Nazir Adam Salihi ya yi suna a wannan fage, Abdul'aziz Sani Madakin Gini kuma ya cika littattafansa na yaƙi da matsafa da aljanu. 'Yan makaranta kan yi hayar su a wajen masu sayar da littattafai a Funtuwa da Malumfashi, littafi ɗaya ya zaga gidaje goma kafin ya koma. Ni dai na gwada sau ɗaya, na gane littafi ya fi fim iya kama irina. Fim na kawo maka dajin wasu. Littafi kuwa zuciyarka yake sa wa aikin zanen, ita kuma da kayan gida take yi: tsamiyar bayan gidanku, soron da ba a kwana a ciki, hanyar maƙabartar garinku.

DAGA RUMFAR KALLO ZUWA CIKIN GIDAN SAURO

An buɗe silimar Rex a Kano a 1937, kuma finafinan Indiya da 'yan kasuwa Kwarori suka riƙa shigowa da su daga baya sun shiga ran Hausawa fiye da na kowace ƙasa. Cikinsu akwai masu tayar da tsikar jiki. Nagin na 1976 labarin macijiya ne mai rikiɗa ta zama mace tana ɗaukar fansar mijinta. Jaani Dushman na 1979 labarin wani dodo ne mai sace amare. 'Yan gidan Ramsay kuwa sana'arsu ke nan, su ne suka yi Purana Mandir a 1984 da Veerana a 1988. Daga kudancin Najeriya Living in Bondage ya fito a 1992 da labarin mutumin da ya ba da matarsa don kuɗin tsafi fatalwarta ta hana shi sakat, sai Nneka the Pretty Serpent a 1994. Finafinan Hausa na bidiyo, da ake ƙirga farkonsu daga Turmin Danya na 1990, su ma ba su rasa boka da aljana ba.

Duk da haka, a wancan zamani kallo taro ne. Akwai lokacin farawa da na tashi, akwai kuɗin shiga, akwai damar uba ya ce ba za a je ba. Yau kuwa a kowace kasuwar yankin nan, daga Kafur zuwa Bakori, za ka ga matashi zaune da kwamfuta a 'yar rumfa yana tura wa mutane finafinai a waya da kuɗi kaɗan. Mai tura fim ba ya tambayar shekarun wanda zai kalla. Manomi ya cika memori ranar kasuwa, da dare waya ta faɗa hannun 'ya'yansa.

Abu biyu sun sauya. Na farko, an fassara finafinan. Kamfanoni irin su Algaita sun sa jaruman Indiya magana da Hausa, wasu kuma suka bi da na sauran ƙasashe. A da baƙon harshe kan tsaya tsakanin mai kallo da abin tsoro kamar katanga. Yanzu fatalwa da Hausa take kiran sunan wanda za ta kashe. Na biyu, kallo ya koma na mutum ɗaya. Yarinya 'yar shekara goma ce kwance cikin gidan sauro, ta toshe kunnuwa da abin saurare, fuskar gawa na tazarar taƙi ɗaya da tata. Babu mai duban fuskarta ya sassauta murya. In cajin waya ya ƙare a tsakiyar labari, sai duhu kawai ya rage, ita da abin da ta gani.

ABIN DA KE FARUWA A JIKI

Masana sun daɗe suna bin diddigin dalilin da ya sa abu ɗaya ke faranta wa wani ya hana wani barci. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, shi ne mai gadin jiki. Da ya hango alamar haɗari sai ya buga ƙararrawa tun kafin tunani ya gama tantancewa. Sinadarin adirenalin ya zubo cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarta, tafin hannu ya jiƙe. Duk wanda ya taɓa tsalle don ganin igiya a kan hanya da magariba ya san wannan. Sai bayan tsallen ne hankali ke cewa igiya ce. Mai jin daɗin fim ɗin ban tsoro shi ne wanda hankalinsa ke saurin kwantar da mai gadin, ya bar masa zaƙin bugun zuciya kawai. Mu kuwa mai gadinmu in ya tashi ba ya komawa barci da wuri.

A Jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmak akwai wata cibiya da aikinta shi ne nazarin tsoron nishaɗi. A wani bincike da suka buga a 2020, sun ɗaura wa mutum 110 na'urar auna bugun zuciya, suka bi su cikin wani gida da ake biya a shiga don a firgita. Sun gano cewa daɗin yana tsakiya ne. In tsoron ya yi kaɗan abin ya zama lami, in ya wuce kima daɗin ya gushe. Kowa kuma da inda nasa ma'aunin yake. Masanin halayyar ɗan Adam Paul Rozin ya kwatanta wannan da cin barkono: harshe na ihun wuta, zuciya ta san ba ƙonewa za a yi ba. Mu da muke cin tsire mun san akwai mai cewa a ƙara yaji, akwai wanda ɗan kaɗan ke sa shi hawaye, kuma ba mu taɓa auna mazantakar mutum da wannan ba.

Wani bincike da Kristen Harrison da Joanne Cantor suka yi kan ɗaliban jami'a a Amurka, aka buga a 1999, ya taɓa inda ke mini ƙaiƙayi. Fiye da rabin waɗanda suka ba da labarin wani fim da ya taɓa firgita su sun ce ya dagula musu barci ko cin abinci, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu kuma sun ce har lokacin binciken tsoron bai sake su ba, ko da shekaru sun shuɗe. Waɗanda suka gani suna ƙanana su abin ya fi daɗewa a jikinsu. Akwai kuma dannau, wanda kowane Bahaushe ya sani: ka farka ka kasa motsi, ka ji kamar an hau ƙirjinka. Likitoci sun bayyana cewa ƙwaƙwalwa ce ke farkawa alhali jiki na cikin saƙewar barcin mafarki, kuma rashin isasshen barci da damuwa na ƙara yawansa. Wanda ya kwanta da hoton fatalwa a ido, ita zai gani tsaye a kansa in dannau ya zo.

INDA NAMU YA BAMBANTA

Ɗan Denmak da ya fito daga gidan firgitarwa yakan hau jirgin ƙasa ya koma gida, ya san babu abin da zai biyo shi. Mu abu biyu sun raba mu da shi.

Na farko imani ne. Musulmi bai da zaɓi game da samuwar aljanu, sura guda ce a Alƙur'ani da sunansu. Mun tashi ana hana mu zuba ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla, ana shigar da mu gida da magariba, ana gargaɗinmu da juji da kango. A tsakiyar shekarun 1990 labarin aljana Sumbuka ya girgiza makarantun 'yan mata a Kano, ɗalibai na faɗuwa, ana kiran malaman ruƙiyya. Saboda haka in aka ce wa yaron Gozaki fim ƙarya ne, an faɗa masa rabin magana. Ya yarda jinin fenti ne, ɗan wasan kuma yana nan da ransa. Amma abin da fim ɗin ke kwaikwayo, an gaya masa a gida da makarantar allo cewa akwai shi.

Na biyu ya fi ciwo. Tsoron nishaɗi na buƙatar kwanciyar hankali a kewaye da shi, kamar yadda wuta ke buƙatar murhu. Kudancin Katsina ya yi shekaru yana fama da 'yan bindiga. Daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, maƙwabciyar Malumfashi, ba a sako su ba sai bayan kusan mako guda. A watan Agusta 2025 aka buɗe wa masu sallar asuba wuta a masallacin Unguwar Mantau, a ƙaramar hukumar Malumfashi. Mutanen Faskari da Sabuwa da Ɗandume sun san kwanan daji da kunne a buɗe. A irin wannan ƙasa, ƙarar babur da tsakar dare ta fi kowace fatalwa faɗar da gaba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Matar da ta taɓa ɓoye 'ya'yanta cikin karan dawa tana toshe bakin jariri, in ta tashi ta bar ɗaki don an sa fim ɗin da ake bin mutum da adda cikin daji, wa ke da bakin ce mata matsoraciya?

Gaskiya ce wasu a cikin irin wannan hali suke samun sauƙi daga waɗannan finafinai. Wani bincike da Coltan Scrivner da abokan aikinsa suka yi lokacin annobar korona ya nuna cewa masu sha'awar finafinan ban tsoro sun ba da rahoton ƙarancin damuwa. Na san samarin da ke cewa tsoron da kake iya kashewa da ɗan yatsa hutu ne daga wanda ba a iya kashewa. Na yarda da su, kuma ba na kiran a hana kowa kallonsa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

GWAGGO MAI WANKAN GAWA

Wadda ta cire mini kunyar wannan hali ƙanwar mahaifina ce. A unguwarmu in mace ta rasu ita ake aika wa, ko da ƙarfe biyun dare ne. Ta ɗauki fitila ta ratsa lungu ita kaɗai, ta shiga ɗakin da kowa ya fito yana kuka, ta rufe wa mamaciya ido, ta ɗaure haɓa, ta yi mata wanka, ta sa ta a likkafani. Hannunta ba ya rawa. Wata rana da salla jikokin gida sun taru kan waya ɗaya suna kallon wani fim ɗin Indiya mai fassara, sai ga wata mace da farin mayafi ta fito daga kabari. Gwaggo ta yi salati ta miƙe ta fita, ta kwana biyu tana cewa hoton na dawo mata. Yara suka yi ta dariya. Na bi ta tsakar gida na ce, "Gwaggo, ke da kike wanke gawa?" Ta ce, "Ɗana, gawa baiwar Allah ce, na san ta, na san inda za ta. Wannan kuwa an yi shi ne don a tsorata ni, kuma ya tsorata ni."

Tun daga ranar na daina haɗa jarunta da juriyar kallo. Jarunta tana wurin da ake buƙatarka. Yayana da ya kira ni raggo mutumin kirki ne, amma ranar da aka yi haɗarin mota a hanyar Malumfashi aka kawo wani ɗan uwanmu jina-jina, shi jiri ya ɗauka, ni na riƙe kan mai raunin har asibiti.

ABIN DA MUKE ROƘO

Roƙonmu kaɗan ne. A daina tura wa mutum guntun bidiyon da ke farawa lami lafiya sannan wata mummunar fuska ta faɗo da ƙara, wai don a yi dariya. Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Musulmi firgita ɗan uwansa, kuma dalilin hadisin wasa ne wasu sahabbai suka yi wa wani mai barci a cikin tafiya. In aboki ko mata ko ƙane ya ce ba ya iya kallo, a karɓa daga gare shi kamar yadda ake karɓar uzurin mai gyambon ciki a gaban yaji. Iyaye su san abin da ke cikin memorin da suke miƙa wa yara, su kuma lura da yaron da ya fara fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya ƙi zuwa bayan gida da dare, ko yake firgita cikin barci. Duka da gori ba sa cire wannan, ƙara shi suke yi. Masu tura finafinai su riƙa tambaya ko akwai yara a gidan. Marubuta da masu fassara su sa alama a bango ko a farkon fim, don mai gudu ya gudu tun da sauran hanya. Wanda kuwa tsoro ya hana shi barci makonni, musamman in ya taɓa ganin tashin hankali na gaske, ya haɗa addu'a da ganin likita, babu abin kunya a ciki.

Ni ma yanzu ina da 'ya mai irin zuciyata. Kwanakin baya ta leƙa wayar wani ɗan maƙwabta, ta dawo ta ƙi shiga ɗaki. Ban ce mata ƙarya ne ba, don na tuna wannan magana ba ta amfane ni ba. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na kira 'yan uwanta, na sa ta faɗa mana abin da ta gani tun daga farko. Da ta kai inda ta tsaya, sai na karɓa na ci gaba. Na kawo wata 'yar auta mai wayo ta yaudari abin nan ya shiga tulu, aka toshe bakin da laka, aka jefa shi rijiya gaba dubu. Ina yi ina kallon fuskarta, har na ga kafaɗunta sun sauka. Sannan na ce ƙurunƙus, muka yi addu'ar barci tare. Kafin in naɗe tabarma ta yi barci a cinyar uwarta.